Mutumin da Ya Hana a Ɗaga Ni

Ni na raɗa masa suna Kar-a-ɗaga, kuma ni ce na kusa raba shi da aikinsa. Tunda abin ta kaina ya bi, gara in ba da labarinsa da bakina kafin masu ƙarin gishiri su riga ni.

A katafaren ginin shagunan da ke kusa da gidanmu yake aiki, irin mai hawa-hawa ɗin nan da matakala mai tafiya da kanta. Ni ba sayayya ke kai ni ba, sanyi nake zuwa sha. A gida in aka ɗauke wuta sai ka ji kamar an kifa maka tukunya. Can kuwa sanyi kyauta, benci kyauta, ga kallon 'yan mata suna tafiya kan dogayen takalma kamar zalɓe a fadama. Da hantsi nakan ɗauki jakata in je in zauna gaban shagon agogo, in sayi ruwan gora don kada a ce tsohuwa ta zo cin banza.

Daga kan bencin nan na san shi. Dogo ne siriri, da riga mai ɗaukar ido a kan kayansa da oba-oba, ɗan rediyon magana, a kafaɗa, kullum idonsa a ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi. Da safe yakan bi ƙofofin gaggawa yana tura su ɗaya bayan ɗaya. Yakan ɗaga tukwanen kashe gobara ya ji nauyinsu. In mai shago ya jibge kwalaye a hanya, zai tsaya a kansa ba zagi ba ɗaga murya, har mutum ya gaji da ganin inuwarsa ya kwashe. Masu shaguna ba sa ƙaunarsa, amma in lif ya maƙale da matar ɗayansu a ciki, sunansa ake fara kira.

Kusa da babbar ƙofa akwai wata takarda a cikin gilashi, da hatimin hukuma da sunansa a ƙasa. Na taɓa tambayarsa ko lambar yabo ce.

"A'a, Gwaggo," ya ce. "Izinin buɗe ginin ne. Sai an rubuta mutum ɗaya da zai amsa tambaya in wani ya ji ciwo a nan."

"Masu ginin fa?"

"Su suna da lauyoyi."

"Wato su ke cin nama, kai aka rataya wa ƙashi a wuya."

Ya yi ɗan murmushinsa na rowa ya wuce.

Abin da ya jawo masa sunan kuwa shi ne halinsa in wani ya faɗi. Kowa ya san mutane, da an ji tim sai a yo ca, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a miƙar da kai tsaye kafin ka san inda ke maka ciwo. Shi sai ya ratso taron ya buɗe dogayen hannayensa ya ce kar a ɗaga. Sannan ya zauna daɓas a kan tayil kusa da mutumin, yana masa tambayoyi a hankali. Na ga ya yi wa wani ƙaton mutum haka, mutumin yana kwance yana huci, matarsa tana zuba wa ɗan tahalikin ashar.

Da aka watse na kira shi. "Kai ɗan nan, dutse ne ya haife ka? Bawan Allah ya faɗi ka hana a taimake shi?"

"Taimakon ke nan, Gwaggo."

"To Allah ya raba ni da taimakonka, Malam Kar-a-ɗaga."

Mai agogo ya ji, kafin la'asar suna ya zagaye ginin har wurin ajiye motoci. Addu'ar tawa ce dai ba ta karɓu ba.

Akwai wani wuri gaban shagon turare inda ruwa ke ɗiga daga silin, wai bututun na'urar sanyi ne ya huje. Ya kai makonni yana ɗiga. Kar-a-ɗaga ya ajiye bokiti a ƙasa ya kewaye shi da jan shinge na roba, kowa ya saba ratsewa. Ranar da abin ya faru na shigo na ga ba bokiti ba shinge, wuri fes, har da tukwanen furanni an jera. Na ce a raina yau an yi abin kai, an gyara. Na bi ta wurin da ƙarfin gwiwa.

Ban san lokacin da ƙafata ta tafi ba. Na dai ji ƙeyata ta daki bakin tukunyar fure, sai ga fitilun silin a saman fuskata. Kafin in ja numfashi hannaye sun rufe ni. Wani ya riga ya kama damtsena lokacin da na ji muryar nan.

"Kar a ɗaga. Malam, sake ta. Ku ja baya."

Ya durƙusa ta bayan kaina ya tallafe shi da tafukansa biyu, kamar mai riƙe da ƙwaryar da ta cika fal. Ya ce in motsa yatsun ƙafa, na motsa. Ya ce kada in juya wuya. Na ce masa in ya isa ya sake ni ya ga ko ba zan juya masa mari ba.

"Na yarda, Gwaggo. In likita ya gama da ke ki mare ni."

Zanena ya ɗan zame, ya roƙi yarinyar shagon turare ta lulluɓe ni da mayafinta. Jama'a suka kewaye mu, wayoyi a sama, kowa na ɗaukar tsohuwa kwance a ƙasa kamar buhun da ya faɗo daga mota. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don haka na zage shi da duk abin da na tara a shekaruna. Na zagi wuyansa, na zagi rigarsa, na haɗa da oba-obarsa. Yana ta cewa to, Gwaggo, hannunsa bai motsa ba.

Can sai ga manajan ginin, wani gajere mai kwat da ƙamshi kamar an fasa kwalba. Ya sunkuyo yana raɗa, amma kunnena yana tsakanin hannayen mutumin, na ji komai.

"Ku kai ta ofis ta huta. Masu ginin suna saukowa da baƙi."

"Ba za a ɗaga ta ba, ranka ya daɗe."

"Umarni nake ba ka."

"Na ji. Motar asibiti tana hanya."

Ruwan nan bai daina ɗiga ba. Da na lura ba ya sauka a fuskata, sai na gane Kar-a-ɗaga ya karkato da bayansa ne yana tare mini shi. Har masu motar asibiti suka zo suka ɗaura mini abin tallafe wuya, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar, wata mai tabarau da ba ta san wasa ba, ta nuna mini wani siririn layi a ƙashin wuyana. Ta ce tsagewa ce, saura ƙiris ta taɓa laka. Ta tambaye ni wa ya riƙe mini kai. Na ce wani marar kunya ne. Ta ce in na warke in je in gaishe da marar kunyar nan, don da an miƙar da ni zaune, mai yiwuwa da zaman ke nan.

Amma babban ɗana ba hoton ƙashi ya gani ba, hoton waya ya gani. Ɗan nan nawa tun yana ƙarami zuciyarsa a kusa take, ga son a ce shi ne. Abokan aikinsa suka turo masa uwarsa kwance a bainar jama'a, wani ƙato ya danne mata kai tana ihu. Bai shawarce ni ba ya ɗauki lauya ya aika wa masu ginin takardar ƙara. Ni ina kwance ina ƙirga juyin fankar silin, ban san wainar da ake toyawa ba.

Matar Kar-a-ɗaga ce ta sanar da ni. Bayan an sallamo ni gida ta zo, wata 'yar gajeruwa mai fara'a, da lemo a leda. Na ce mata ina mijin nata, ko tsoron marin da na yi masa alkawari ne ya hana shi zuwa.

"Lauyan kamfani ya hana shi magana da ke har a gama shari'a, Gwaggo. Ni ma bai san na zo ba."

Ta ce an dakatar da shi tun makon da takardar ta iso. Ta ce za a yi zaman sulhu, kuma an riga an gaya masa abin da za a rubuta, cewa sakacin jami'in kula da lafiyar jama'a ne ya jawo faɗuwar, an kuma sallame shi. Wanda aka kora da irin wannan shaida kuwa, ba ginin da zai sake rataya sunansa a bango. Suna da 'ya'ya mata a makaranta, ga mahaifiyarsa a wurinsu.

Na tambaye ta inda ya samo wannan taurin kai na hana ɗaga mutane. Sai ta gyara zama ta ba ni labarin.

Mahaifinsa ɗan dako ne, cikin masu loda manyan motoci. Wata rana igiya ta tsinke ya faɗo daga saman kaya. Waɗanda ke wurin sun ce yana kwance yana motsa ƙafafunsa, har yana cewa a ba shi ruwa. Abokan aikinsa, don ƙauna, suka cicciɓe shi hannu da ƙafa suka tura a bayan mota suka bi da shi hanya mai gargada. Da aka isa asibiti ƙafafun sun yi shiru, ba su sake magana ba. Kar-a-ɗaga shi ne babba, sai ya bar makaranta. Shi ke juya uban, shi ke masa wanka, shi ke ɗaukarsa ya kai shi inuwa, tun muryarsa ba ta fashe ba har ya fara aske gemu. Abokan uban suna zuwa gaisuwa kullum, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da hannunsu ya yi, don uban ya hana.

Bayan rasuwar tsohon ya samu aikin wanke motar asibiti, daga nan ya zama direbanta. A bayan motar nan ya koyi abin da ya koya daga ma'aikatan jinya. Ya koma makarantar yamma da furfura ta fara leƙo masa, ya samu takardar da ta ba shi wannan aiki. Bai yi aure da wuri ba. Matar ta ce ranar da ya zo neman aurenta, kafin ya gaishe da mahaifinta sai da ya gaya masa dakalin ƙofar gidansu ya yi tsayi, wata rana zai kayar da wani.

"Kuma kika aure shi?"

"Baba ne ya ce wanda ya damu da ƙafar baƙo ba zai wulaƙanta mace ba."

Da yamma ɗana ya zo na sa shi a gaba. Na ce masa an bar jaki ana dukan taiki.

"Inna, duniya fa ta gan ki kwance a ƙasa."

"Duniya ta gan ni kwance rana ɗaya. Ba don shi ba, da kai za ka gan ni kwance har in mutu, kana juya ni safe da yamma. Kai da kofin shayinka ma sai an wanke maka."

Ya ce magana ta riga ta je hannun lauyoyi. Na ce ai wuyan nawa ne, sa hannun ma nawa ne, zan je zaman da kaina.

A hawa na sama aka yi zaman, a wani ɗaki mai dogon tebur. Ga manaja, ga lauyan kamfani, wani dattijo mai laushin murya irin ta masu sayar da maganin da ba ya aiki. A gefena ga ɗana da lauyar da ya ɗauka, wata siririyar yarinya da na raina da farko, don na ga kamar iska za ta ɗauke ta. Dattijon ya karanta takarda. Kamfani zai ɗauki nauyin magani, zai biya diyya, ya kuma ɗauki mataki kan ma'aikacin da ya yi sakaci. Ya turo mini alƙalami.

"Ɗana," na ce wa dattijon, ko da yake ya kusa sa'ana, "ni ba na sa hannu a kan mutum yana bayan ƙofa. A kira shi."

Suka kalli juna, aka kira shi. Ya shigo ba rigar nan mai ɗaukar ido, sai na ga ya koma kamar zakaran da aka fige. Ya gaishe da kowa, ni ya ɗan rusuna bai ce komai ba. Na gyara zama ina jiran ya wanke kansa in ɗora.

"Ina da laifi," ya ce.

Da wuyana yana juyuwa da na nemi abin jifa. Na zo da ciwo don in fitar da shi daga rami, shi yana ƙara haƙa.

"Sunana ne a bango. Da aka ɗauke shingen, kamata ya yi in tsaya a wurin da kaina har a mayar. Sai na tafi neman mai gyaran bututu. Ban yi nisa ba na ji faɗuwarta."

Yarinyar nan lauya ta ajiye alƙalaminta a hankali. "Aka ɗauke, ka ce. Wa ya ɗauke?"

Manaja ya shiga gyaran agogonsa.

"An ce in ɗauke saboda baƙi, na ce ba zan iya ba. Sai aka sa masu shara."

"Wa ya ce?"

Bai ambaci suna ba, ya dai dubi inda manaja yake zaune, sannan ya mayar da idonsa ƙasa inda ya saba ajiye shi. Dattijon lauya ya rufe takardarsa ya ce yana roƙon a ɗan ba su lokaci.

A baranda yarinyar ta fassara mini. Ta ce ɗigar ruwa sakaci ne, amma a cire shinge da gangan bayan jami'i ya hana, wannan wata magana ce daban, wadda kamfanin inshora da hukumar da ta ba da izinin ginin za su so su ji. In suka kore shi, sun sallama mana shaida da hannunsu. Ta ce yanzu abin da duk muka nema za su saurara, har da abin da ɗana ya fi so, wato diyyar zubar da mutunci da neman gafara a jarida.

Na ce mutuncina ba a kan tayil na bar shi ba, su riƙe wannan. Abu biyu nake so. A cire sunan mutumin nan daga takardar a mayar da shi aikinsa. Sannan a rubuta cewa duk shingen da ya kafa, ba mai taɓa shi sai da yardarsa, ko manaja ne ko uban manaja.

"Gwaggo, ba a saba sa irin wannan a takardar sulhu ba."

"To yau a fara, 'yar nan. Ni ma ban saba kwanciya a kanti ba."

Ɗana ya kumbura kamar an hura balan-balan, ya ce na zubar da dama. Na ce dama ce ta same ni a wuya, ba shi ba.

Sai da aka kai ruwa rana kafin su amince. Sun dage sai an ba shi takardar gargaɗi kan barin wurin da ya yi, na buɗe baki zan yi musu, shi da kansa ya ce ya karɓa. Na sa hannu. Dattijon ya ce daga gobe ya koma bakin aiki, kuma daga yanzu yana iya magana da wanda ya ga dama.

Kar-a-ɗaga ne ya rako ni lif, ɗana yana gaba yana fushi da wayarsa. Zagi ba ya mini wuya, godiya ce ban saba ba.

"Ɗan nan," na ce, "da ƙafata na zo nan, da ita zan koma. Na gode. Allah ya jiƙan mahaifinka."

Ya ce amin. Ya daɗe yana kallon ƙasa, na zaci hawaye yake ɓoyewa. Ashe ƙafata yake kallo.

"Gwaggo, takalmin nan naki ya suɗe. Ki jefar da shi."

"Yaushe ka gani?"

"Tun kafin ki faɗi."

Na san abin da dattijon can zai yi da wannan magana da ta shiga kunnensa. Da an ce tsohuwa ce ta zo da santsinta daga gida, shi kuma da laifinsa ya ragu.

"Me ya hana ka faɗa a ciki?"

"Ba takalminki ne ya huda bututu ba."

Lif ya buɗe. Ya sa hannu ya tare ƙofar har na shiga, ya ce in kama ƙarfen gefe. Na ce masa ya fara iko tun bai mayar da rigar ba. Na dai kama.